A Sake Ɗauka

Hawayen Zipora bai bushe ba, zoben ma bai gama zama a yatsarta ba, sai ga wani mutum ya fito daga bayan dutse rataye da kyamara, yana ɓata fuska.

"Oga Mwadkon, hoton bai fita ba fa. Rana tana bayanta. A sake."

Mwadkon ya kakkaɓe gwiwar wandonsa. Yanzun nan ya durƙusa a kan duwatsun hanyar Vom, muryarsa na rawa, ya roƙe ta ta aure shi, ita kuma ta amsa da kuka.

"Cire zoben, masoyiya," in ji shi. "Koma can ki fuskanci rana. In na durƙusa, ki sake toshe baki kamar ɗazu. Kukan ma ki ɗan ƙara."

Ta tsaya tana kallonsa.

"Rawar muryar taka fa? Ita ma za ka sake?"

"Haba, Zipora! 'Yan ofis ɗinmu suna jira su gani. Abin da ba wanda ya gani ai kamar ba a yi ba ne."

"Ni na gani," ta ce a hankali. "Ashe ni ba kowa ba ce."

Ta zare zoben, ta danna masa a tafin hannu, ta juya. Ta ji ƙarar kyamara a bayanta.

"Yauwa!" in ji mai hoto. "Oga, wannan kam ya fita tas."