Abin da Ya Rage Nasa

Ƙwayoyin sun daina tafiya.

Ta sake kafa ido a madubin ƙara girma na ɗakin bincike. Jiya ta ja layi a tsakiyar farantin gwaji, ta ɗiga maganin da suka tace daga ɓawon wata bishiya. A da, kafin gari ya waye ƙwayoyin kansar huhun nan sun rarrafo sun cike layin. Yau ga shi fayau, su kuwa sun takure a gefe kamar yaran da aka tsawata wa.

Abokin aikinta ya leƙa, ya daka tsalle.

"Dakta, ba su bazu ba! Wallahi rabinsu ma sun mutu. Ƙara musu mu gama da su!"

"Dakata tukuna," ta ce.

"Haba Dakta! Ko don kin saba ciyar da su kullum kafin ki karya, sun zama 'ya'yanki?"

Ya fita kiran sauran abokan aikinsu yana dariya.

Bai san daga ƙirjin wa aka ciro su ba. Mijinta ne ya yarda a ɗiba, yana tari yana murmushi, ya ce mata, "Riƙe su, ki koya musu hankali." Aka binne shi, su kuwa suka ci gaba da rayuwa a akwatin da ke ba su ɗumin jikin mutum.

Duk duniya, su kaɗai ne nasa da suka rage da rai.

Ta tallabi farantin da hannu biyu. Da sauran ɗumi.

"Ka yafe min, maigida," ta ce, sannan ta ɗiga musu maganin.