Sunan Inna a Kwalbar Yaji

Tun da aka kafa sabuwar dokar rajista, duk sunan da aka mallaka yakan ɓace daga bakin kowa sai mai shi.

Tabawa ta je yin rajistar sunan yajin sayarwa da ta gada, wanda shi ne sunan mahaifiyarta.

"Faɗi sunan sau uku gaban na'ura, Hajiya," in ji ma'aikacin.

Ta sunkuyar da kai. Shekara hamsin ba ta taɓa kama sunan Inna ba. Kunya ta sa ta ce sai gobe.

Washegari da ta koma, ma'aikacin ya ce, "Wani kamfani ya riga ki mallakar sunan."

Bayan la'asar ta ɗaga hannu za ta yi wa marigayiyar addu'a, yau kam da sunanta. Leɓɓanta suka motsa, iska kaɗai ta fito.