Masarar Maƙwabci da Rijiyar Gado

Sallau, tun da ka zauna nan ba ka da zance sai gonar ƙanenka. Tasa ta fi taka kore, shi ake yabo, kai an manta da kai. Haba! Gyara zama in ba ka misali, in ka ga dama ka ɗauka.

An yi wasu manoma biyu masu iyaka da juna, ɗaya a tudu, ɗaya a gangare. Na tudu da an gama girbi sai ya bar kara da ganye a ƙasa, ya roƙi makiyaya su sauka da shanunsu su yi masa wata guda a ciki. Ƙasarsa baƙa ce, in ka damƙa sai ta dunƙule a hannu, don cike take da ƙananan halittun nan da ido ba ya gani. Su ke cin ruɓaɓɓen kara da kashin shanu, su riƙe taki, su riƙa sakar wa shuka kaɗan-kaɗan. Takin zamani kuwa awon marfin kwalba guda yake binnewa a gindin kowace masara. Shi ko na gangare ba ya son ganin ko tsinke a gonarsa. Ya kwashe kara, ya cinna wa sauran wuta, ya kori shanu, har ƙasar ta koma rairayi zalla. Amma yana da abin da babu mai irinsa a duk karkarar, wato rijiyar da ubansa ya haƙa a ƙasan gonar, dab da gida. Ruwa garau, ga sanyi, ba ta ƙafewa ko da bazara. Har matan na tudun a nan suke ɗiba.

Kai ka ce wannan zai ishe shi? Ina! Kullum da safe sai ya tsaya a bakin iyaka ya zuba wa masarar maƙwabci ido, ta yi kore shar har tana baƙi-baƙi, zuciyarsa na tafasa. Ran da aka yabe ta a ƙofar masallaci ko tuwo bai ci ba. Tambaya ɗaya da ta raba shi da wahala, ga mutumin nan kullum suna gaisawa, amma ya gwammace mutuwa da ya tambaya. Ya ce a ransa, "Ba wani asiri, taki yake zubawa a ɓoye. Zan nuna masa." Ya jibgo buhunan takin yuriya, ya jira tsakiyar marka. Da hadari ya haɗo sai ya bi gona yana watsawa har ƙasa ta yi fari, wai ruwa ya kai masa shi saiwa. Ruwa ko ya kai, amma bai tsaya a saiwa ba. Rairayi kamar rariya yake, kuma masu riƙe takin ya riga ya ƙone su. Lokacin ne kuma ruwan sama ke nutsewa ƙasa yana cika rijiyoyi, sai ya tafi da takin can. Masara ta yi kore mako biyu ta koma ruwan ɗorawa. Gogan naka ya ce ai takin ne bai isa ba. Da wata damina ya ninka, da ta uku ya sake ninkawa.

Abin takaicin, ruwan rijiyar bai sake launi ba, bai yi wari ba, ɗanɗanonsa na nan. Sai da 'yarsa ta zo gida wankan jego da jikarsa ta fari. Nono bai wadata ba, aka riƙa dama wa jaririyar madara da ruwan rijiyar, har tafasawa ake yi, alhali tafasa ba ta fitar da taki. Leɓen yarinya da farcenta suka yi shuɗi, numfashi ya gagara, aka ruga asibiti. Allah ya yi da sauran kwana. Ma'aikatan lafiya suka ɗebi ruwan suka gwada, suka ce taki ne fal, kada a ƙara sha. Shi da hannunsa ya jera itace a bakin rijiyar ubansa, ya ɗora ƙaya, yana hawaye. Dole na tudu ya haƙa tasa. Yanzu kullum matan mai hassada ke hawa da bokitai, su ratsa ta cikin masarar nan da ta hana shi sukuni. Maƙwabcin ba abin da ya ce sai, "Ku ɗiba, ai mun sha naku shekara da shekaru." Wallahi wannan maganar ta fi komai cin na gangaren.

To Sallau, kai ma kana da taka rijiyar, ka daina leƙen gonar ƙanenka ka duba ta. In takinsa kake son sani, tashi ka je ka tambaye shi, bakinka ba zai faɗi ba. Hausawa suka ce garin neman gira aka rasa ido.