Ranar Da Ta Kalli Idon Baba

Yana turo ƙofar otal ɗin ta gane shi: mahaifinta ne, cikin koɗaɗɗiyar rigarsa da takalmin roba. Ranar kuwa ake yi mata jarrabawar karɓar baƙi, malamarsu na tsaye a gefen kanta da biro a hannu.

Wata shida ana horar da ita: tsaya a miƙe, sassauta murya, kalli baƙo cikin ido. Kunyar rigar nan ta kama ta. Maimakon ta zagayo ta ce "Baba," sai ta saki murmushin da aka koya mata.

"Barka da zuwa, yallaɓai. Da me za mu taimaka?"

Tunda take ba ta taɓa haɗa ido da shi ba sai ranar. Nan ta ga farar yana ta lulluɓe masa idanu.

"'Yar nan, ɗiyata nake nema, nan take koyon aiki," in ji shi. "Ba ta da wuyar ganewa. Ita in ta rangaɗa gaisuwa har maƙwabta sai sun amsa."

Malamar ta ɗago kai tana jiran amsa.

"Ta ɗan fita, yallaɓai."

"To, kar a dame ta. Likita ne ya ce ganina ya kusa ƙarewa, na ce bari in zo in gan ta cikin kayan aiki."

Ya juya yana laluben ƙofa. Ita kuwa ta tsaya a miƙe, kamar yadda aka koya mata.

Ita ta zo ta ɗaya a ajinsu. Takardar shaidar na ƙasan akwati har yau, don wanda take so ya gani ya daina gani.