Kwakwa da Bunsuru

Sai a bugu na uku kwakwar neman sa'a ta fashe a goshin sabuwar tankar yaƙin. Sojoji suka tafa, aka rataya wa bakin bindigar furanni, Janar ya murza gashin baki. Shekara shida ya yi yana zarya ƙasar Turawa kafin su yarda su sayar, har ya cika wa matarsa baki cewa abokan gaba na tsallaken iyaka sun daina barci.

Dillalin, wani Bature mai fara'a, ya karɓi ɓarin kwakwa da hannu biyu kamar ɗan gida.

"Janar sahib, ranka ya daɗe, gaskiya al'adarku ta fi tsabta."

"Ta fi ta wa?"

"Ta mutanen tsallake mana. Makon jiya baƙin bunsuru suka yanka wa tasu tankar, jini ya ɓata min takalmi."

"Tasu? Irin wannan?"

"Har fenti."

Janar ya dubi ruwan kwakwar yana gangarowa kan ƙarfen, dariya ta kuɓuce masa. Shekara shida, kai ya cika da furfura, ashe abin da ya ƙulla wa ƙasarsa ke nan: yaƙi tsakanin kwakwa da bunsuru.