Ƙwan da Ke Jikin Leda

Muhibba tana da wata goma sha huɗu aka cire ta daga nono, saboda uwarta Barira ta samu wani cikin. Da Barira ta kai ta awo wani ƙaramin asibiti a Nyanya, nas ɗin da ake kira Sista Vivian ta ɗora ta a sikeli, ta duba kati, ta ce da irin Hausarta ta Abuja:

"Maman Muhibba, nauyi bai hau ba. Tunda ka yaye shi, kullum ka ba shi ƙwai da madara. Ka ji ko?"

"Na ji, Sista."

Kuma ta ji ɗin. Barira ba malalaciya ba ce, ba ta da rowa. Boko ne kawai ba ta yi ba. Shekara biyu ke nan da mijinta Ɗan'auta ya ɗauko ta daga ƙauye. Shi sana'arsa tallar kek na leda a gosulon hanyar shiga gari, inda motoci ke cunkushewa, katan a kafaɗa, yana bin tagogin motoci.

Da yamma ya dawo da ragowar kaya ya ajiye. Barira ta ɗauki guda tana juyawa. A jikin ledar ga hoton ƙwai biyu an fasa, ga kofin madara yana zuba. Ta yage ledar. Cikin kek ɗin rawaya ne kamar gwaiduwa, ƙamshin madara ya bugi hancinta.

"Baban Muhibba, ashe abin da Sista ta ce a nemo yana cikin ɗakin nan."

"Yo da me kike tsammani ake yin sa? Ba ki ga hoto ba? Manyan ogogin Garki ma shi suke miƙo hannu ta taga su saya wa 'ya'yansu."

Shi ke nan, magana ta zauna. Da safe a jiƙa kek a ruwan ɗumi a ɗura wa yarinya, da rana kek, da la'asar kek. Harshe ya saba da zaƙi. Kafin wata guda, in aka kawo mata koko ko romon wake sai ta kawar da kai, Barira kuwa ba ta matsa mata, tunda a ganinta ta riga ta ci mai kyau.

Maƙwabciyarsu Magdalene, 'yar Gbagyi ce mai noma a bayan unguwa. Wata rana ta shigo da kunun gero da gyaɗa, an barbaɗa garin busasshen kifi.

"Maman Muhibba, gwada masa wannan. Da shi na yaye yara huɗu."

"Allah ya saka, Mama. Ai ta wuce nan, ƙwai da madara take ci."

"Wannan abin leda? Na manta ɗaya a jakar coci wata biyu, na fito da shi ko funfuna babu. Abincin da ba ya lalacewa, ni tsoronsa nake ji."

Barira ta yi dariya. "Ai nan ingancinsa yake, Mama."

Magdalene ta ɗauki kwanonta ta fita.

Wata huɗu ana haka. Kumatun Muhibba suka ciko, ƙafafu suka yi ɓul-ɓul. Barira ta daina zuwa awo, ta ce me sikeli zai gaya mata da idonta bai gani ba. Gashin yarinya ya yi ja ya yi laushi, ubanta ya riƙa kiranta Baturiya. Ba wanda ya lura ta daina wasa, ta daina kama bango ta miƙe.

Sai gudawa ta zo. Kwana uku, fata ta fara saluɓewa a cinyoyinta. Nan ne suka koma wurin Sista Vivian. Ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar yarinya ta ɗaga. Gurbin yatsan ya zauna, bai ciko ba.

"Wannan ba ƙiba ba ne, kumburi ne. Yunwa ce. Me kake ba shi?"

"Yunwa kuma? Abin da kika ce, Sista, ko kwana ɗaya ban fasa ba."

Barira ta kwance bakin zane ta miƙa mata ledar kek ɗin. Sista Vivian ta juya bayan ledar, inda ƙananan rubutu suke, ta karanta musu ɗaya bayan ɗaya: fulawa, sukari, mai, kala mai sa rawaya, sinadarin ƙamshin madara, maganin hana ruɓewa.

"Ƙwan fa?" in ji Ɗan'auta.

"Yana can ƙarshe, ɗan gari ne kaɗan. Ko ya ci goma bai ci ƙwai ɗaya ba."

Barira ta karɓi ledar ta sake duban gabanta. "To amma ga shi nan sun zana."

Aka rubuta musu takarda zuwa babban asibiti, likitoci suka yi iyakar yinsu. Jiki ya riga ya yi nisa. Rana ta huɗu da hantsi Muhibba ta cika.

To, jama'a, ku ji da kyau. Ba kek ɗin ne guba ba, mai da shi abinci aka yi. Kala da ƙamshi an zuba su ne don ido da hanci, ba sa gina jikin yaro, hoto kuma talla ce. In ba ka iya karatu ba, kai ledar wurin wanda ya iya, ya karanta maka bayanta kafin ka sa wa ɗanka a baki. In an ce ƙwai, a fasa ƙwai.