Ƙugun Mainasara

Kun sha ganin yayana Mainasara yana jan ƙafa a kasuwar Tudun Wada, kuka kau da kai, kuka ce ragwanci ne. Ciwon ƙugu ne ya hana shi duƙawa a gona.

Likita ya ce yana zargin kumburi a mahaɗar ƙashin baya da ƙugu, kuma na'urar MRI ce za ta nuna shi. Muka sayar da shanun huɗa, muka yi doguwar tafiya.

A ƙofar ɗakin na'urar, ma'aikaciya ta ce, "Malam, cire duk wani ƙarfe. Maganaɗisu ne, fizgo shi zai yi."

Ya cire zobe da agogo, sai ya tsaya.

"Sista, na cikin nama fa?"

Ashe allurar Ubale, mai yi wa mutane allura a kasuwa, ta karye a ɗuwawun Mainasara bara. Ubale ya ce jiki zai cinye ta.

Ma'aikaciyar ta ce da allura a jikinsa ba zai shiga na'urar ba. Haka muka dawo, ba hoto, ba shanu.

Ubale yana nan a rumfarsa, mutane sun yi layi. Ranar kasuwa mai zuwa, ku je ku janye 'ya'yanku daga layin nan!